Godiya bayan kare kundi a Damagaram

Alhamdu lillahi, an kare kundin bincikenmu kan man fetur da ke maƙalewa cikin dutse, malamai sun karɓa, mun sauka lafiya. Waɗanda suka bi mu tun kafin azumi sun san abin da aka sha, ba sai an maimaita ba. Abin da ya rage gajiya ce da bashin godiya.

Bayan an tashi, mutane da yawa sun tare mu a bakin zaure: wai in rijiya tana da mai, me zai hana a kwashe shi kaf? To ga amsar, don ku san aikin da kuka sa hannu a ciki. Man Agadem, yankin rijiyoyin mai na gabashin Nijar, da ake turowa ta bututu zuwa matatar mai ta SORAZ da ke kusa da Damagaram tun 2011 ba tafki ya yi a ƙarƙashin ƙasa ba. Yana cikin dutsen yashi, a 'yan ramukan da ke tsakanin ƙwayoyin rairayi, kuma a dutse mai kyau ramukan nan sukan kai kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari na jikinsa. Kowane rami yana da ciki mai faɗi da maƙogwaro matsattse da ke haɗa shi da maƙwabcinsa. Idan aka danna ruwa don ya koro mai, a dutsen da ruwa ya fi kama jikinsa, ruwan yakan lallaɓa ta bango, ya taru a maƙogwaro, ya tsinke man. Ɗigon da aka bari a tsakiya ya shiga kurkuku ke nan, ba zai matse ya fita ba sai da matsin da ya wuce wanda ake da shi. Gwargwadon yadda ciki ya fi maƙogwaro faɗi, haka man da ke maƙalewa yake ƙaruwa. Rami mai ƙofa biyu kuma ya fi mai ƙofa biyar rowa. Shi ya sa za a ga duwatsu biyu da yawan rami ɗaya, wannan ya bayar, wancan ya hana, har kashi 20 zuwa 40 na ramukan su zauna da mai bayan ruwa ya gama wucewa. Lakar da ke cikin dutsen ma ba abar yarda ba ce: wata tana kumbura in gishirin ruwan ya yi kaɗan, wata tana ɓallewa ta toshe maƙogwaro.

Gwajin da muka yi don auna man da ke maƙalewa ba ya son wasa. A cika bututun gilashi da rairayi, a jiƙa shi da ruwan gishiri, a tura mai ya kori ruwan, sannan a komo da ruwa sannu a hankali ana auna man da ke fita. Dole famfon lantarki da ke tura ruwan ya riƙe gudu ɗaya. In ya tsaya ya sake tashi da ƙarfi, fizgar tana ɓamɓaro ɗigon da ya kamata a ƙirga cikin maƙalallu, iska ma ta samu hanyar shiga, sai wanki da sakewa tun farko.

Nan ne za mu karya al'ada mu ambaci mutane. Daren gwajin ƙarshe wuta ta ɗauke, batirin ajiya yana kuka, mu kuwa mun tsaya cirko-cirko. Baba mai gadi bai ce da kowa komai ba, ya fita, sai ga shi da mai waldan bakin titi suna turo injin wuta a baro. Famfo bai tsaya ba. Da muka miƙa kuɗin mai, mai waldan ya ce mu bari sai mun zama manya. Baba, Allah ya biya ku da gidan Aljanna.

Gwaggonmu ta Birni, wadda ta wanke mana rairayi har ruwan ya fita fes, alhali kowa ya san darajar jarka ɗaya a garin nan, Allah ya shayar da ke daga Alkausara. Inna da ba ta taɓa fashin aiko fura ba, da malaminmu da ya sha karanta shirmenmu bai gaji ba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya raya zuri'a, ya jiƙan magabata, ya sa ku gama da duniya lafiya. Amin summa amin.

'Yan uwan da suka buga waya tun safe suka ce suna hanya, muna fata dai lafiya. Kujerunku mun riƙe har aka yi addu'ar tashi.