Lambar yabon kakana

Jiya, 15 ga Janairu, ina kallon yadda ake ajiye furanni don tunawa da 'yan mazan jiya, sai na tashi na buɗe akwatin ƙarfen marigayi kakana. Lambar yabonsa na nan naɗe cikin tsumma, zarenta ya koɗe, gefenta ya yi tsatsa.

Yana cikin sojojin Afirka ta Yamma da Turawan Ingila suka kwasa zuwa ƙasar Bama (Myanmar ta yanzu) a yaƙin duniya na biyu. Tun muna yara muke matsa masa ya ba mu labarin jarumta, bai taɓa yarda ba. Abin da yake faɗa kawai shi ne ruwan saman da ba ya tsayawa, zazzaɓin cizon sauro, da wani abokinsa da suka binne a daji ba likkafani. Idan aka yi tsawa da dare, sai ka ga hannunsa na rawa a kan carbi.

A ranar 15 ga Janairun ce yaƙin basasar Najeriya ya ƙare a 1970, bayan wata 30 ana zubar da jini. Sama da mutum miliyan ɗaya suka salwanta, da yawansu yara ne da yunwa ta kashe. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga matasa a Facebook suna kiran "a gwabza kawai". Wallahi ba su taɓa jin warin albarushi ba, ba su ga uwar da ke jiran ɗan da ba zai dawo ba.

Na mayar da lambar cikin tsummanta, na yi masa addu'a, shi da abokin nasa.