Alhamis a situdiyo: fiyano ya daina makara

Yau tun da hantsi nake kan katin sauti, wato na'urar da ke shigar da sauti cikin kwamfuta tana kuma fitar da shi zuwa sifika. Maigida ne ya sayi na hannu, irin mai wayar USB, ramukan makirfo biyu a gaba, na MIDI, wato inda ake jona fiyano, a baya, ya ce in je Titin Beirut in karɓo. Ba kwali, ba faifai, ba takarda, daga katin sai wayarsa a cikin baƙar leda. Kafin in dawo Titin Zoo a adaidaita ƙura ta yi mini buɗu-buɗu. Hunturun bana ba wasa.

Dalilin sayensa sananne ne ga duk wanda ya taɓa haɗa fiyano da kwamfuta. Idan ina kiɗa da sautukan cikin fiyanon Yamaha ɗinmu, lafiya lau, ina dannawa ina ji. Amma da zarar na ce kwamfuta ce za ta fitar da sautin, sai in danna, sai can daga baya in ji shi. Jinkirin bai kai ƙiftawar ido ba, amma ya ishi hannu ya rikice. Kiɗan da ke tafiya a hankali za ka iya lallaɓawa. Kiɗan biki mai zafi kuwa, wanda yatsa ke gudu, sai ka ga kana bin kanka a baya.

Mutane da yawa a layinmu suna ɗora laifin a kan fiyano ko wayar MIDI, har wani ya taɓa ba mu shawarar mu canza waya. Ba ruwan waya. MIDI, wanda aka fito da shi a 1983, ba ya ɗaukar sauti ko kaɗan. Saƙo ne kawai: an danna maɓalli mai lamba kaza, da ƙarfi kaza, an saki. Lambobin daga 0 suke zuwa 127, C ta tsakiya ita ce 60. Irin wannan ɗan saƙo nan take yake isa. Inda ake makara shi ne bayan kwamfuta ta ƙera sautin, a hanyarsa ta zuwa sifika. A Windows, sautin kowace manhaja sai ya bi ta mahaɗa guda, a cakuɗa shi da na burauza da ƙarar saƙo da komai, a tara shi a jira, sannan a miƙa wa kati. Direba ita ce 'yar manhajar da ke haɗa kwamfuta da kati, kuma direban ASIO, wanda kamfanin Steinberg na Jamus ya ƙirƙiro, yana tsallake wannan duka, manhajar kiɗa ta yi magana da kati kai tsaye. Kamar ka hau gadar sama ta Ƙofar Nasarawa ka bar 'yan ƙasa suna ta hon.

Na jona katin, kwamfuta ta gane shi, har sauti ya fito. Nan ne tarkon yake, don sai mutum ya ɗauka ya gama. Direban gama-gari ne Windows ta ba shi, ya isa sauraron waƙa, amma da na buɗe FL Studio, manhajar da muke haɗa kiɗa da ita, na duba jerin na'urorin sauti, babu sunan katin a ƙarƙashin ASIO. Sai na cire wayar, na shiga shafin kamfanin da ya ƙera shi da datar wayata, na nemo direban da ya dace da 64-bit, na girka shi katin yana cire kamar yadda suka rubuta, na sake kunna kwamfuta, sannan na mayar da wayar. Ban yarda da shafukan nan masu cewa za su sabunta maka direbobi duka a dannawa ɗaya ba. Na ga abin da suka yi wa kwamfutar maƙwabcinmu mai tace bidiyo.

Ina cikin haka aka ɗauke wuta. Kafin yaron shago ya sayo mai a galan ya tayar da janareta har an kira azahar.

Bayan salla maigida ya shigo, ya ja kujera ya zauna yana kallona. Ya ce a zamaninsu ba haka ake ba, sai ka kwance kwamfuta ka cusa kati a cikinta. Nasa Sound Blaster Live ne, wanda Creative suka fitar a 1998. Ya ce katin da kansa yake kaɗa sautuka, kai dai ka loda masa fayil ɗin SoundFont mai ɗauke da sautukan kayan kiɗa, kwamfuta ba ta wahala. Sai ya ba ni labarin wani direba mai suna kX, wanda wasu masu zaman kansu suka rubuta wa irin waɗannan katuna kyauta, shi ya ba su ASIO a kan kati mai araha. Ya ce ranar da ya fara girka shi sauti ya ɓace ɗif, ashe direban yana juya ramukan ne, sifika sai a baƙin rami na baya maimakon kore, wai don na bayan ya fi tsabtar sauti. Na ce, "Ranka ya daɗe, to wa ya gaya maka?" Ya ce, "Wa zai gaya mini? A kafe na karanta, ana lissafa mini minti."

Na san wani direban na kyauta da samari ke amfani da shi yanzu, ASIO4ALL, kuma da shi na fara koyo a gida. Yana taimakon wanda ba shi da kati na musamman, don yana lulluɓe katin cikin kwamfuta ya sa shi aiki kamar na ASIO. Matsalarsa yakan riƙe katin shi kaɗai, kana kiɗa ba za ka ji YouTube ba. Ra'ayina, idan katinka yana da direban kansa, babu dalilin ɗora masa wani.

Sai aikin bafa, wanda shi ne zuciyar maganar. Kwamfuta ba ta aika sauti ɗigo-ɗigo, tara shi take yi ƙunshi-ƙunshi, wannan ƙunshin shi ne bafa, kuma girmansa kai za ka zaɓa. Na sa katin a kan samfur 48000 a daƙiƙa, wato yawan ɗigon sautin da yake sarrafawa, tunda yawancin aikinmu a bidiyo yake ƙarewa kuma masu bidiyo a nan suke aiki. Lissafin ba wuya: ka raba girman bafa da 48000. Idan 1024 ce, jinkirin milisakan 21 ke nan da 'yan kai (milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa). 512 ta ba ka kusan 11, 256 ta ba ka 5 da ɗoriya, 128 kuma ba ta kai 3 ba. Katin da hanyar USB suna ƙara nasu kaɗan a kai. Don in gane abin da milisakan 5 ke nufi: sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, wato daidai yake da ka tsaya ƙasa da mita 2 daga sifika. Babu makaɗin da wannan zai dama.

Kwaɗayi ya sa kowa yake son ya kai ta ƙasa ƙarshe. Na gwada 64, sai ƙas-ƙas-ƙas, sauti yana tsinkewa, don kwamfutar ba ta gama cika ƙunshi ba katin ya riga ya zo karɓa. A 128 ta yi shiru muddin kayan kiɗa kaɗan ne, ina ƙara amsa-kuwwa da wasu kayan kiɗa ta fara kuka. Na kashe Wi-Fi, na hana Windows kwantar da ramukan USB don tanadin batir, na sa ta a kan cikakken ƙarfi. Ta yi sauƙi, amma na tsaya a 256. Idan an zo haɗa waƙa a ƙarshe, lokacin da ba mai dannawa, sai in mayar da ita 1024 kwamfuta ta huta.

Na danna fiyano na ji kowace murya biyu-biyu, ɗaya daga fiyanon ɗaya daga kwamfuta. Na shiga saitin fiyanon na kashe Local, wato saitin da ke sa shi fitar da nasa sautin, ya koma mai aika saƙo kawai. Da na sake dannawa, wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai. Sautin yana ƙarƙashin yatsana.

Saura wani gurnani a sifika, mai kauri, ba ya tsayawa. Wutarmu a Najeriya tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma idan ta sami hanyar shiga layin sauti haka za ka riƙa jin ta. Na zare cajar kwamfuta, gurnani ya ɗauke. Na mayar, ya dawo. Na tattara filogin sifiku da na caja a soket guda, ya ragu sosai amma bai mutu ba. Cajar ce, ba ta asali ba ce.

Da la'asar sakaliya Baba mai kalangu ya iso. Maigida ne ya gayyato shi, saboda waƙar bikin da muke yi ta 'yar wani mahauci ce, uban amarya kuma ya ce shi in ba kalangu a ciki to ba a yi masa waƙa ba. Da gaskiyarsa, kalangu kiɗan mahauta ne tun kaka da kakanni. A cikin sautuka 128 na tsarin General MIDI, wato jerin sautukan da aka yi ittifaƙi a kai don fiyanoni, wanda aka tsayar a 1991, akwai sitar ta Indiya, akwai koto na Japan, akwai kalimba, akwai shanai wadda muke ara idan muna son wani abu mai kama da algaita. Babu kalangu, babu kukuma, babu garaya. Shi ya sa tuntuni masu fiyano a Kano suke ɗaukar wata ganga ta Turawa su lanƙwasa ta da ɗan wilin nan na gefen hagun fiyano mai jan sauti sama ko ƙasa, a ce an yi kalangu.

Na gaishe shi, na ce, "Baba, so nake ka buga mini ɗaya-ɗaya, sama, tsakiya, ƙasa, in ɗauka in zuba a fiyano." Ya dube ni ya ce, "Yaro, ɗaya-ɗaya kuma? Ai ba a magana ɗaya-ɗaya." Duk da haka ya yi. Na jona makirfo, na kunna masa wutar 48V da irinsa ke buƙata, na sa wa Baba abin ji a kunne. Na danna maɓallin katin da ke mayar masa da sautinsa kai tsaye ba tare da ya zaga ta kwamfuta ba, don kada ya ji kansa a makare. Ya matse kalangun a hammata, ya buga, ya sassauta, ya buga. Na yanyanka bugun, na jera su a kan maɓallai.

Sannan na gwada yi masa taken da ya buga da farko. Da jinkirin nan na jiya ko kusa ba zan iya ba, don taken yana da gudu. Yau hannuna ya bi shi daidai, bugu bai kuɓuce mini ba. Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Ƙafar ta yi. Bakin ne babu."

Na gane abin da yake nufi da na sake saurare. Shi yana matse igiyoyin ne bayan sanda ya riga ya sauka, muryar ta tashi ko ta faɗi a tsakiyar bugu ɗaya, yadda harshenmu ke hawa da sauka, kuma matsewar tana canza kaurin sautin da tsawonsa gaba ɗaya. Wilin fiyano kuwa jan sautin yake yi sama ko ƙasa kamar yadda yake, a saitinsa na asali ma rabin murya biyu kacal yake kaiwa kowane gefe. Na buɗe shi ya yi faɗi, na gwada, ya fi da, amma idan na ja da yawa sai gangar ta koma siririya kamar ta wasan yara. Wannan ba aikin direba ba ne, kuma babu lambar bafa da za ta gyara shi.

Maigida ya yanke hukunci: bugun da na yanka su zauna a ƙasa su riƙe tafiyar waƙar, take da kirarin uban amarya kuma Baba ya buga da hannunsa daga farko har ƙarshe. Haka aka yi. Na kunna masa kiɗan a kunne, ya hau kai, bai nemi a maimaita ba. Da ya gama ya ce wa maigida, "Alhaji, wancan da yaro ya zuba a injinsa, kuɗinsa daban ne fa, tunda gobe ba za ku neme ni ba." Maigida ya yi dariya ya ƙara masa. Ni dai ina ganin Baba bai faɗi ƙarya ba, kuma da ya san sau nawa za mu yi amfani da bugun nan da bai sallama a haka ba.

Kafin magariba na rubuta a takarda na manna a bango saboda masu zuwa aikin dare: 48000, bafa 256, kada a sauya ramin USB ɗin da katin yake, kada a girka wani direba. Na ƙara da cewa duk wanda zai ɗauki murya ya zare caja tukuna. Gobe Juma'a sai an sauko daga masallaci za mu buɗe, mawaƙin da 'yan amshi za su zo ƙarfe huɗu. Kafin nan zan biya Farm Centre ko a dace da caja ta asali, maigida ya ce in tambayo kuɗin kafin in saya.