Labarin Kaya Ke Riƙe Mai Saye: Abin da Na Koya a Cinikin Zoɓo

Masu sayen zoɓo don fitarwa waje sun ji "kaya ne mai kyau, wallahi" har kunnensu ya gaji. Duk siton da suka leƙa a kasuwar Dawanau ta Kano waƙar ke nan. Ni dai na daina yabon kaya. Labarinsa nake bayarwa, kuma irin wanda mutum zai tabbatar da hannunsa a tsaye a wurin.

Sai an gama gaisawa tukuna, an tambayi iyali da hanya. Daga nan in sa yara su jawo buhu daga tsakiyar lodi, ba na sama ba, in damƙa wa mai saye ya ji ƙarar bushewarsa, sannan in ce:

"Alhaji, wannan daga wajen Maigatari ya fito, na kakar bana ne. A kan tamfol aka shanya shi, ba za ka ji yashi ba. Amma waɗancan na baya raɓa ta taɓa su, sun ɗan yi baƙi. Na ware su, kuɗinsu daban."

Bai kai minti ɗaya ba, amma ya san asalin kayan, abin da ya same shi a hanya, da aibinsa. Aibin nan shi ya fi aiki. Ko ka ɓoye, rariya da na'urar gwada danshi za su tona a kamfani, kuma ranar da suka tona ba zai ƙara yarda da sauran zancenka ba. In kai ka fara faɗa, ragin da zai nema kaɗan ne, kuma ya samu abin da zai gaya wa nasa mai sayen.

Tun da Meziko, babbar mai sayen zoɓonmu, ta taɓa dakatar da karɓa saboda ƙwaron hatsi da aka samu a kaya, labarin ajiya ya shiga cikin ciniki. Yanzu ina faɗin siton da ya kwana, ko an taɓa jibge tsohon hatsi a ciki, da ranar da aka sa magani.

Rabin aikin kuwa sauraro ne. Duk wanda ya ce tirelarsa ta maƙale a hanyar Legas, ko zai aurar da 'yarsa bayan Sallah, ina rubutawa a bayan littafin ciniki. Kira na gaba da shi zan fara, farashi ya biyo baya. Wanda ke nesa kuma, saƙon murya a WhatsApp da ɗan bidiyon buhun a buɗe, a hasken rana, don fitila tana canza launin zoɓo.

Inda ake yin ɓari shi ne shigo da wani cikin labarin. Ka ce "wane ma ya ci mini bashi", mai sauraro ya san gobe shi ne abin hira. Haka ƙarin gishiri: ka ce daga gona ɗaya lodin ya fito alhali tsince-tsincen kasuwannin ƙauye ne, launin buhuna biyu kawai zai ƙaryata ka. Kuma in ka ga ya fara duba waya ko ya ce "to, nawa ne?", ka tsaya nan take ka faɗi kuɗin kilo.