Mai zafi ko mai sanyi: layi ɗaya da ya cinye min wata biyu

Akwai wani kwali a ƙarƙashin gadona da har yau ba na son in janyo shi. Takardun tambayoyi ne guda 300, an cike su tsaf, an zagaya da su Ƙofar Doka, Kwarbai, Tudun Wada da Sabon Gari, kuma layi na huɗu a jikin kowace ɗaya bai da amfani ko na sisin kwabo. Ni na rubuta layin da hannuna.

Binciken digirina na biyu a kan yadda matan Zariya ke kallon ma'aikatan da ke duba su a wurin awon ciki ne. Tun farko na guje wa salon nan na "na yarda ƙwarai, na yarda, ban yarda ba" da Rensis Likert ya fito da shi a 1932, saboda na san mutanenmu. Ki karanta wa matar aure jimla a cikin ɗakinta ki ce ta yarda ko ba ta yarda ba, kara kaɗai za ta sa ta ce miki ta yarda. Sai na ɗauki ma'aunin kishiyoyi, wanda Charles Osgood na Jami'ar Illinois a Amurka ya shahara da shi tun littafin da suka fitar shi da abokan aikinsa biyu a 1957. Kalma a wannan gefe, kishiyarta a wancan, gurabe bakwai a tsakani, mace ta nuna inda ma'aikaciyar ta faɗa a zuciyarta. Tsabta da ƙazanta. Ƙarfi da rauni. Ba ki sa mata magana a baki ba, kin dai shimfiɗa mata hanya mai baki biyu. Har gobe ina ganin dabarar ta dace da mu.

Inda na yi ganganci shi ne wajen samo kalmomin. Na kwaso tagwayen kalmomi 12 daga binciken da aka yi da Turanci, na zauna dare ɗaya na mayar da su Hausa. A cikinsu akwai wadda Turawa ke amfani da ita sosai wajen siffanta mutum, wato ɗumi da sanyi. A wurinsu mutum mai ɗumi shi ne mai jan mutane a jiki, mai sanyi kuwa shi ne wanda ba ya sakin fuska. Tun 1946 Solomon Asch ya nuna cewa canja wannan kalma ɗaya tak a jerin siffofin mutum yana juya yadda ake kallonsa gaba ɗaya. Na karanta wannan, ya burge ni, na rubuta "mai ɗumi" a hagu, "mai sanyi" a dama, na sa wa sanyi maki mafi ƙanƙanta.

Abin haushin, na bi duk ƙa'idar da aka koya mana. Na ba wata ƙawata Hausar ta mayar da ita Turanci ba tare da ta ga na asali ba, ya fito daidai. To ai dole ya fito daidai, sanyi dai sanyi ne a ƙamus. Na yi gwajin farko kuma, amma da su wa? Da 'yan ajinmu a Samaru, mutanen da ko mafarki suke yi rabinsa da Turanci ne. Suka cike cikin minti biyar, babu wadda ta ɗaga gira. Malamina ya tambaye ni ko na gwada a cikin gari, na ce, "Ranka ya daɗe, an gwada." Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi gaskiya ba.

Aikin zagayen ya tafi lafiya, ni da 'yan mata uku da na ɗauka su taya ni shiga gidaje. Sai da na gama shigar da komai a SPSS, manhajar lissafin bincike, na nemi alfa na Cronbach, lambar da ke nuna ko layukan suna auna abu guda, na ga ta kasa kai 0.7 da ake nema. Na duba layi bayan layi. Na huɗu ne ke tafiya baya-baya: duk matar da ta yaba wa ma'aikaciya a tsabta da iya aiki, ita ce kuma ta ce mata mai sanyi. Kwana biyu ina zargin kwamfuta, ina zargin ko na manta juya makin layukan da na sauya wa gefe da gangan don kada a riƙa bin layi ɗaya ido rufe. Ba nan matsalar take ba.

Gwaggona da ke Tudun Jukun ce ta warware min, ba ta ma san ta yi ba. Na karanta mata layin ina gunaguni, ta ajiye tsintsiyar hannunta ta dube ni.

"Ke 'yar nan, wace mai ciki ce za ta so a haɗa ta da ungozoma mai zafi? Ai mai sanyin ake roƙon Allah ya haɗa mutum da ita."

Na ce, "Gwaggo, ɗumi na rubuta, ba zafi ba."

Ta yi dariya har da tafawa. "Ɗumi? Ruwan wanka ce?"

Nan jikina ya mutu. Ni da aka haifa a cikin ganuwa, wadda tun ina ƙarama nake jin ana yabon mace da sanyin hali ana kushe ta da zafin rai, ni ce na zauna na sa wa sanyi maki ɗaya don takardar Bature ta ce haka.

Da a nan abin ya tsaya, da sauƙi: sai in juya makin layin, shi ke nan. Na kira 'yan matan nan uku na tambaye su yadda suka riƙa karanta layin, tunda yawancin matan karanta musu ake yi. Ta farko ta ce da ta ga "ɗumi" na sa mata dariya sai ta koma cewa "zafi". Ta biyu ta gane abin da nake nufi, ta riƙa fassara musu da "mai fara'a ko marar fara'a". Ta uku ta karanta yadda yake, ta ce wasu sun ɗauka sanyin jiki ake nufi, wato nawa wajen aiki, wata ma a Sabon Gari ta tambaye ta ko ciwon sanyi ake cewa malamar asibitin na da shi. Tambaya ɗaya a takarda, tambayoyi huɗu a baki. Babu lissafin da zai raba su, don ban sa kowa ta rubuta yadda ta faɗa ba.

Da na koma na duba sauran da wannan idon, sai na ga sauri da "a hankali" ma na da irin cutar, don wadda ke duba ki a hankali yabo ne. Nauyi da sauƙi ma haka. Sauƙi a Hausa kishiyar wahala ce, kishiyar tsada ce, kishiyar tsanani ce, kowa da wadda ta zo mata. Layi uku cikin 12 sun tafi, kuma su ne zuciyar abin da nake nema, wato mu'amala.

Abin da ya fi ci min rai na gano shi ne bayan an gama ɓarnar. Shi kansa Osgood, da ya tashi gwada ma'auninsa a al'ummomi fiye da 20 masu harsuna daban-daban, bai ɗauki jerin Turanci ya fassara ba. A kowane wuri daga bakin masu harshen aka tattaro siffofin, su suka ba da kishiyoyinsu, sannan aka gina ma'aunin, aka kuma ga ɓangarorin nan uku nasa suna sake fitowa: kyau da muni, ƙarfi da rauni, kuzari da rashinsa. Yana nan a rubuce a cikin karatun da na tsallake don ina sauri.

Zagaye na biyu da kuɗin aljihuna na yi shi, cikin damina, ina tsallen kwatoci a lungunan birni. Amma kafin in buga ko shafi ɗaya, na zauna da mata a wata islamiyya bayan an tashi, da wasu a gidan suna, na ce kowa ta ba ni labarin ma'aikaciyar da ta ji daɗinta da wadda ta rantse ba za ta koma wurinta ba. Ni dai rubutu nake. Sakin fuska da ɗaure fuska. Haƙuri da faɗa. Mutuntawa da wulaƙanci, wanda ya fi kowanne fitowa, kuma babu shi sam a jerina na farko. Ta san aiki, ko 'yar koyo ce. Babu wadda ta ambaci ɗumi.

Guraben bakwai ma na daina nuna su a takarda. Na jera marafan lemo bakwai a kan tabarma, na tsakiya launinsa daban, shi ne "ba yabo ba fallasa". Sai a fara tambayar wane gefe, in ta zaɓa a ce kaɗan, ko sosai, ko ƙwarai da gaske. Wata dattijuwa da ta raka surukarta ta tura marfin wulaƙanci na can ƙarshe da yatsar ƙafa, ta ce, "Hajiya, in akwai wani bayan wannan ki ƙaro." Kuma na rubuta wa masu taya ni kalmomin da za su furta harafi da harafi, na ce duk wadda aka tambaye ta ma'ana ta maimaita kawai, ta rubuta a gefe cewa an tambaya.

Wannan karon alfa ta haura yadda ake so, malamina ya sa hannu bai ce komai ba sai "To, yanzu an gwada." Kwalin farko kuwa Inna ta yi ta bina in ba mai ƙosan bakin layi ta riƙa naɗi da shi. Na ce mata sirrin mutane ne, ba a bayarwa. Ta ce to in ƙona. Shi ma na kasa.