Yadda Na Gano Layin da Aka Danna a Jadawalin Bayanai

Da aka ba ni aikin na ɗauka ba zai ci mini rana guda ba. Manhaja ce ta kwamfutar tebur da aka rubuta da harshen shirya manhaja na C#, tana jera kayayyaki a cikin DataGridView, wato jadawali mai layuka da ginshiƙai, kuma abin da ake so shi ne duk layin da mutum ya danna da linzami, cikakken bayaninsa ya fito a gefe. Na danna jadawalin sau biyu a Visual Studio, manhajar da nake rubuta aikin da ita, ita kuma ta buɗe mini CellContentClick, wato wurin rubuta umarnin da zai gudana idan an danna abin da ke cikin gurbi, sai na zuba umarnina a ciki ba tare da na tsaya na duba ba.

Wajen gwaji abin ya riƙa yi yana ƙi. Sai da na zura wa hannuna ido na lura cewa yana amsawa ne kawai idan kibiyar linzamin ta sauka a kan rubutun kansa, amma idan ta faɗa a sararin da ke gefen rubutun, ko da a cikin gurbi ɗaya ne, shiru kake ji. Na koma CellClick, wanda ke amsawa duk inda aka danna a cikin gurbin, wannan matsala ta kau. Nan take wata ta ɓullo, domin ina danna taken ginshiƙi manhajar ta tsaya cak, saboda a wurin RowIndex, wato lambar layin da aka danna, yakan zo da -1, kuma babu layi mai wannan lamba. Sharaɗi ɗaya a farkon umarnin, mai tsallake wannan lamba, ya isa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne maɓallin dama na linzami. Na sa ƙaramin jerin zaɓi mai ɗauke da umarnin gogewa, na danna dama a kan layi na bakwai na zaɓi gogewa, sai ga layi na biyu ya ɓace. Ashe danna dama ba ya matsar da zaɓi, yana nan inda aka bar shi tun farko. Allah ya taimake ni bayanan gwaji ne. Maganinsa shi ne na kama MouseDown, wato lokacin da aka danna maɓallin linzami, na miƙa wa HitTest wurin da kibiyar take don ya faɗa mini layin da ke wurin, sannan na zaɓi layin da kaina kafin jerin ya buɗe, ta yadda mai amfani zai ga da idonsa abin da zai goge.

Darasin da ya fi zauna mini kuwa ya zo ne daga baya. Na kasance ina ɗaukar lambar layi in nemi bayani da ita a cikin DataTable, inda asalin bayanan suke ajiye, kuma hakan yana tafiya daidai har sai an danna taken ginshiƙi an sake jeri, domin daga nan layi na uku a fuskar kwamfuta ba lallai ne ya zama na uku a asalin bayanan ba. A ganina wannan kuskure ya fi sauran haɗari, tun da manhajar ba ta kokawa, bayanin wani kaya kawai take nunawa a madadin wani. Yanzu ina amfani da lambar ne don in kai ga layin, daga nan in karɓi bayanin daga DataBoundItem, wato ainihin bayanin da ke haɗe da layin, bayan na tabbatar ta hanyar gwajin IsNewRow cewa ba fankon layin ƙarshe, na shigar da sabon bayani, aka danna ba.