Simintin da na shafa wa bangon ƙasa

Ranar da na ji gwamnatin Kano za ta mayar da gidan yarin Kurmawa gidan tarihi, a kwashe fursunonin zuwa Janguza, na yi murna, sannan gabana ya faɗi. Gini ne na 1910, ga shi daf da Gidan Rumfa, fadar Sarkin Kano, ya cancanci a adana shi. Amma ni na taɓa sa hannu a irin wannan aiki, kuma har yau in na ga buhun siminti jingine da tsohon bango sai raina ya ɓaci.

Namu ƙarami ne. Wani tsohon wurin tsare masu laifi ne na zamanin En'e a cikin birni, ɗaki huɗu da zaure, ya daɗe ana jibge buhunan gawayi a ciki. Muka nemi izinin masu wurin mu mayar da shi gidan kayan kiɗa. Tara kayan bai ba mu wuya ba. Iyalan makaɗa suka ba mu aron kalangu, kotso, garaya, kukuma da algaita, wata tsohuwa ta kawo shantunta da kanta. Tambari kuwa ko tambaya ba mu yi ba, wannan na fada ne.

A wajen bango na yi ɓarna. Dattijon maginin da muka ɗauko ya ce a yi yaɓen ƙasa, a bi da makuba ta ɓawon ɗorawa kamar yadda aka saba. Ni kuwa ina son wuri fes da fenti, ina kuma gaggawar buɗewa. Ya dafa bangon ya ce, "Ɗana, ƙasa numfashi take yi. In ka toshe mata hanci, a ciki za ta yi gumi." Na ce, "Baba, zamani ya canja." Na sa aka yi filastar siminti ciki da waje. Har 'yan tagogin nan na can sama, waɗanda ko kan yaro ba zai shiga ba, na sa aka liƙe su da gilashi don tsoron ƙurar hunturu.

Rani ya wuce lafiya. Da ruwan Agusta ya zauna, wata safiya na buɗe ƙofa wari ya tare ni. Laima ta taso daga ƙasa ta bi cikin bango, ta rasa mafita. Filasta ta kumbura, in ka ƙwanƙwasa sai ka ji fanko. Fatun ganguna suka yi fumfuna, suka saki. Gara kuma ta samu hanya a bayan siminti inda ido ba ya gani, ta hau har azara, ta shiga icen wani kalangu da muka rataye a jikin bango. Da na ɗaga shi, gari ne ya zubo mini a hannu.

Kalangun nan na wani marigayi ne, ɗansa ya ba mu amana. Ni na je gidan na faɗa masa. Bai yi faɗa ba, ya ce Allah Ya sa iyakarta ke nan. Da ma ya zage ni.

Muka koma wurin Baba. Bai ce "ai na faɗa maka" ba, ya dai sa aka sassaƙe simintin gaba ɗaya, aka yi yaɓe da makuba, aka gyara indararo, aka cire gilashin aka sa raga. Kayan kiɗan yanzu a kan katako suke, nesa da bango. Kuɗi sun tafi sau biyu, wannan na haƙura.

Abin da ban haƙura ba shi ne zanen. A ɗaki na uku akwai layukan da tsararru suka karta a bango, da alama kwanaki suke ƙirgawa, da ɗan rubutun ajami nan da can. Na gan su kafin filasta, ko hoto ban ɗauka ba. Da aka ɓanɓare siminti, da fatar bangon ya taho. Duk wanda zai taɓa Kurmawa, don Allah ya fara bi ɗaki ɗaki da kyamara, ya kuma zauna da magina na gargajiya kafin a sauke buhu ko ɗaya.

Saura taƙi ɗaya na zanen a bayan ƙyauren ƙarfe, inda cokalin birkila bai kai ba. Layi goma sha ɗaya ne. Masu ziyara kan daɗe a tsaye a wurin fiye da yadda suke daɗewa gaban garaya.