Bayan an ɗage tsohon kafet: gyaran daɓen ɗakin haya a Maraɗi

Mu da muka ƙetaro daga Katsina, Kano ko Gusau muka zauna a Maraɗi, harshe bai taɓa ba mu wahala ba. Awo da lissafin kuɗi ne suke rikita baƙo, kuma wurin gyaran ɗakin haya ake fara ganin haka. Za ka kama ɗaki a unguwar Ali Ɗan Sofo ko unguwar Zariya, ka tarar da kafet ɗin da wanda ya tashi ya bari, ya sha ƙurar hunturu ta shekaru har ba a gane launinsa. Cire shi dole ne, sai dai kafin ka sa hannu ka yi magana da mai gida a gaban shaida, a san ko za a cire kuɗin aikin daga haya. A nan an fi biyan haya wata-wata, saboda haka wanda bai san tsawon zamansa ba bai kamata ya binne kuɗinsa a daɓen wani ba.

Kada ka ja kafet ɗin gaba ɗaya. Ka ɗaura takunkumi, ka ɗan yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta, ka yanka shi da wuƙa tsiri-tsiri kamar faɗin mita ɗaya, kana naɗewa kana fitarwa. A yi hattara da kusurwoyi, kunama na son wurin. Idan da gam aka liƙa shi, a zuba ruwan zafi da omo a kan ragowar gam ɗin, a bari ya jiƙa, a kankare da ƙarfen kankara. Wasu suna zuba fetur don ya narke da wuri. A ɗaki rufaffe wannan ganganci ne.

Daga nan sai a duba daɓen da kyau, domin duk abin da za a shimfiɗa, shi zai bi. Ka ƙwanƙwasa da guduma a hankali: inda ya yi ƙara kamar ganga, siminti ya rabu da ƙasa, sai an fasa wurin an sake. Ka ɗora miƙaƙƙen katako mai tsawon mita 2 ka leƙa ƙarƙashinsa, ramin da ya kai rabin santimita zai fito a jikin ledar ɗakin da za a shimfiɗa. Layin jar ƙasa a gindin bango kuwa gara ce, a yi maganinta tun kafin a rufe. Sai gwajin laima, wanda kusan kowa ke tsallakewa: a liƙa yankin leda mai faɗin rabin mita a daɓe da salatif ta kowane gefe, a bari ya kwana. Idan aka ɗaga aka ga gumi ko daɓen ya yi duhu, ruwa na tasowa daga ƙasa. Gwajin da aka yi a watan Afrilu ba ya faɗin abin da Agusta zai kawo, don haka a tambayi maƙwabta yadda gidan yake da damina.

Ledar ɗaki ita ce mafi araha, kuma ranar tashi sai ka naɗe abarka. A nan ne awon ke cin mutane. Mun saba da yadi da ƙafa, a babbar kasuwar Maraɗi kuwa mita ake ambata, kuma yadi santimita 91 ne kawai. Ɗakin da muke kira sha biyu sha biyu, wato ƙafa 12, mita 3.66 ne kowane gefe. Leda mai faɗin mita 2 za ta rufe shi da shimfiɗa biyu, kowace mita 3.8 har da rarar gefe, wato mita 7.6, sai ka sayi 8. Amma akwai mai faɗin ƙafa 6, wato mita 1.83, kuma biyunta cif take rufe ɗakin ba tare da ragowar haɗi ba. Ka tafi da tef ɗinka ka auna bandir ɗin da kanka. Wajen ciniki kuma ka tuna da dala ake lissafi: dala ɗaya sefa 5 ce, jikka sefa 1,000. Idan mai shago ya ce maka ɗari biyar, sefa 2,500 yake nufi.

A share daɓen sau biyu, a goge da jiƙaƙƙen tsumma, ya bushe. Ƙwayar tsakuwa ɗaya a ƙarƙashi ta isa ta huda leda cikin mako. A baza ledar a bar ta ta kwana don naɗinta ya saki. Wurin haɗi, a ɗora ɗaya kan ɗaya da kamar santimita 4, a daidaita zanen, a danne da miƙaƙƙen ƙarfe a yanka su biyun tare da sabuwar reza, sai bakinsu ya haɗu ba gibi. Gam a bakin ƙofa da layin haɗi kawai ake sa shi. A bar 'yar tazara a jikin bango, domin zafin Afrilu da Mayu yana buɗa leda, idan ta matse sai ta kumbura a tsakiya. Leda marar kauri ba ta jure ƙafar gado, a sa ɗan guntun katako a ƙarƙashin kowace ƙafa.

Idan daɓen ya lalace, babu makawa sai sabon shafe. Kwanon siminti ɗaya, kwanon yashi uku zuwa huɗu, yashin gulbi da aka tankaɗe, marar laka. Ɗaki mai mita 4 kowane gefe, a kaurin santimita 3, yana cin buhu huɗu masu kilo 50. A sassara tsohon daɓen, a jiƙa shi, a shafa ruwan siminti mai kauri, a zuba kwaɓin kafin ya bushe. Kwaɓin ya zama wanda za ka dunƙula a hannu bai ɗiga ba, ruwa da yawa shi ke kawo tsagewa da gari. Sannan a riƙa ba shi ruwa safe da yamma kwana 7. Da hunturu iska na shanye shi cikin sa'o'i, sai a rufe da jiƙaƙƙun buhuna. Mai son fenti ya jira kwana 28, ya sayi fentin daɓe, don na bango ɓarewa yake a ƙarƙashin ƙafa.

Tayil, wanda a nan ake ce wa karo, na mai dogon zama ne. Mai faɗin santimita 30 guda 11 ke rufe murabba'in mita ɗaya, a ƙara kashi 10 cikin 100 don yanka da fashewa. Mai sauƙin kuɗi a cikinsa shi ne fasasshen karo da ake saya a buhu. Ana danna gutsattsarin cikin ɗanyen kwaɓi, a daidaita da katako, a cike tsakaninsu da ruwan siminti. Ba ya bukatar injin yanka, amma a zaɓi masu kauri ɗaya, kuma a nutsar da bakin kowane guntu sosai, in ba haka ba yana yankan ƙafar yara. A goge simintin da ya hau kansu da soso tun yana ɗanye, idan ya kwana sai an kankare.